HOTON TAFKIN VOLTA: A KORI HAZO, A BAR KUTUTTURE

Duk shekara idan hunturu ya kama, wato daga watan Disamba zuwa Fabrairu, 'yan'uwanmu masu kai ziyara Kete Karaci sukan dawo da kuka iri ɗaya. Mutum zai tsaya a bakin tafkin Volta da hantsi, ya ga ruwa shimfiɗe iyakar ganinsa, ga kwale-kwalen masunta, ga busassun itatuwa tsaye cikin ruwa, sai ya ciro waya ya ɗauki hoto. Da ya iso Kumasi ko Ankara ya buɗe domin ya nuna wa dattawan gida, sai ya tarar da wani abu fari fat kamar an barbaɗa masa toka, ba a iya rabe ruwa da sama.

Laifin ba na wayar ba ne ita kaɗai. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, takan tsaya tsakanin mai ɗauka da abin da yake ɗauka, ta watsa hasken rana ko'ina. Idon ɗan Adam yana da dabarar ratsa wannan hazo, ita kuwa kyamara abin da ya shigo mata shi take rubutawa. To, irin wannan hoto yana gyaruwa, kuma ba sai an je wurin masu sana'a ba.

Amma kafin mu shiga batun gyara, ya kamata matasa su san abin da ya sa dattawa ke son ganin wannan ruwa. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai da yawa sun koma Kete, har zangonta ya zama babbar kasuwa. A nan ne Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya yi limanci da karantarwa har Allah ya yi masa rasuwa a 1934. Da aka gama madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, ruwa ya taru ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 8,500, aka tashi mutane kimanin 80,000 daga gidajensu. Tsohon garin Kete Karaci yana cikin waɗanda ruwa ya ci, aka sake gina shi a kan tudu. Saboda haka wanda ya kawo wa tsoho hoton wannan tafki, hoton gida ya kawo masa.

Abu na farko, kada a taɓa hoton asali. A kwafe shi, a yi aiki a kan kwafin. Yawancin wayoyi suna ajiye hoto a tsarin JPEG, wanda ke zubar da wani ɓangare na bayanin hoton domin ya rage nauyi, kuma duk lokacin da aka gyara aka sake ajiyewa sai ya ƙara zubarwa. Wanda wayarsa ke iya ɗauka a tsarin RAW ya ci riba, domin JPEG matakai 256 kawai yake da su tsakanin duhu da haske a kowane launi, shi kuwa RAW yana da dubbai. Game da kayan aiki, akwai Snapseed na kamfanin Google wanda kyauta ne a waya, akwai Lightroom, mai kwamfuta kuma yana iya samun GIMP ba tare da ya biya ko sisi ba.

Sai a fara da miƙe hoton. Ruwa ba ya kwana a karkace, saboda haka layin da tafki ya haɗu da sama dole ya kwanta daidai. Mutane da yawa sukan manta da wannan, su ɓata lokaci wajen launi, alhali tafkinsu yana neman tsiyayewa ta gefe ɗaya. Daga nan a yanke abin da ba ya da amfani a gefuna, kamar rabin kan wani da ya gifta. Idan sama babu komai cikinta sai hazo, a rage ta, a bar wa ruwa da gaɓa kashi biyu cikin uku.

Babban aikin yana wajen haske. Hoton hunturu ba shi da baƙi na gaske, ba shi da fari na gaske, komai ya taru a tsakiya ya zama ruwan toka. Duk waɗannan manhajoji suna iya nuna wani ɗan zane mai kama da tudu, wanda ke faɗin yadda haske ya rabu. A hoton hazo za a ga tudun ya cure a wuri guda, gefensa na hagu fayau. A nemi abin da aka san baƙi ne a zahiri, alal misali cikin kwale-kwale ko gindin kututture, a riƙa jan ma'aunin duhu sannu a hankali har wannan abu ya yi baƙi. Nan take za a ga hoton ya farka. Sannan a rage ƙarfin wuraren da suka yi fari da yawa domin sama ta dawo, a ɗan buɗe inuwa domin a ga fuskar masunci. A Lightroom akwai ma'auni na musamman mai korar hazo, wanda aka saka tun 2015. Yana aiki ƙwarai, amma a yi hattara da shi, kada garin neman gira a rasa ido: idan aka ja shi da yawa sama takan yi dabbare-dabbare, kuma wani farin zobe ya kewaye rassan itatuwa, wanda duk mai ido zai gane hannu ya taɓa.

Haka nan launi. Hasken hunturu yana da ɗan ja-ja kamar na ƙasa, waya kuwa takan ɗauka kuskure ne ta mayar da shi shuɗi-shuɗi mai sanyi. A mayar masa da ɗuminsa. Ni dai a ganina wannan ya wadatar, ba sai an cika launi ba har ciyawar rani ta koma kore shar kamar ta watan Agusta. Idan sama ce kaɗai ke bukatar duhu, a shafa mata ita kaɗai, a bar ruwa yadda yake. Ƙara kaifin hoto shi ne na ƙarshe, kuma kaɗan.

Duk wannan ba sabon abu ba ne. Ansel Adams, mashahurin mai ɗaukar hoton ƙasa na Amurka, ya ɗauki fitowar wata a ƙauyen Hernandez a 1941, kuma ya yi shekaru yana ƙara wa saman hoton duhu a ɗakin wanki, tun kafin a san Photoshop, wanda bai fito ba sai 1990. Sai dai bai ƙara wata na biyu ba. Inda ake samun rigima shi ne a matsar da abu ko a ƙirƙiro shi. Mujallar National Geographic ta sha suka a 1982 da ta matso da dalar Giza kusa da juna domin su shiga bangonta. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya janye hotuna 920 na wani mai ɗauka, bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut.

Wannan ne ya dawo da mu bakin tafki. Tun 2020 Photoshop yana iya cire sama ya sa wata cikin daƙiƙa, kuma wayoyi da yawa suna share abu da taɓawar yatsa ɗaya. Idan ka kai hotonka shagon yaran nan masu kwamfuta, abin da za su fara yi maka tayi shi ne su share kututturen nan, wai suna ɓata ruwa, su sa maka shuɗiyar sama mai gajimare. Kada ka yarda. Itatuwan nan ba a sare su ba kafin ruwa ya zo, har yau masu jirgi suna kauce musu, wani lokaci ma su jawo haɗari. Su ne shaidar cewa wurin nan dā gona ce da daji da hanyar fatake. Tsohon da aka taso daga can yana yaro su zai fara nema da ido. Leda ko gwangwanin da ke yawo a gaɓa, wannan kana iya gogewa idan hoton na ɗakinka ne. Idan kuwa za ka aiko mana a buga, to ka bar shi, ko ka faɗa mana ka goge.

Saura aikawa. WhatsApp yana matse hoto idan aka tura shi kai tsaye, sai aikin da aka sha wahala a kansa ya dusashe. A tura shi a matsayin takarda, zai isa da cikakken nauyinsa. Mai son ya wanke ya rataya a zaure ya tuna cewa fuskar waya tana da haskenta, takarda kuwa ba ta da shi, don haka hoto yakan fito da ɗan duhu. A fara gwada ƙarami kafin a biya kuɗin babba, kuma a gaya wa mai injin kada ya bari injinsa ya sake yin nasa gyaran a kai.