Wai ina masu gyara na Allah suka shige ne?

Daga WAKILINMU a Kano

DUK mai kallon finafinan Hausa ya san irin gidajen da ake nuno mana. Falo ya sha fenti, fanka tana juyawa ba ko ƙara, yarinya ta murɗa famfo ruwa ya zubo shaa, Alhaji ya danna makunni fitilu su kama gaba ɗaya. Ba a taɓa nuno bokiti a tsakar ɗaki yana tarar ruwan sama ba, sai fa a fim ɗin barkwanci. To amma da zarar an kashe kallo kowa ya waiwayi nasa gidan, labari ya sha bamban. Ga silin ya yi taswira saboda yoyo, ga soket ya yi baƙi yana warin ƙuna, ga ƙofar banɗaki sai an ɗaga ta da ƙafa kafin ta rufu.

Kuma ba wai masu gyaran ne babu ba. Ko'ina ka leƙa akwai su: birkiloli a bakin titi da cebur da cokalin gini tun da sassafe, kafintoci, masu wayarin, filamba, masu walda, fentoci. Wanda ya yi wuyar samu shi ne na ƙwarai, wanda zai zo ranar da ya ce, ya sa kayan da aka biya kuɗinsu, ya yi aikin da ba sai an sake kiran wani ya warware ba.

Kowa da irin tasa

Idan aka zauna hira a majalisa ko a gidan biki aka ɗauko zancen nan, ƙorafin bai wuce kashi uku ba.

Na farko shi ne ɗan "gobe". Wannan ya iya aiki, matsalarsa alƙawari. Zai zo ya duba, ya karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya kwance famfon ko ya yaye kwanon, sannan ya ce, "Alhaji, bari in je Sabon Gari in sayo kaya, yanzun nan zan dawo." Shi ke nan. Ka kira waya ya ce yana hanya, ka sake kira ka ji ta a kashe. Abin da ya faru shi ne ya karɓi aiki huɗu a rana ɗaya, kuma kuɗinka ne ya ƙarasa aikin wani da su. Kai ma sai wani ya kawo nasa za a waiwaye ka.

Na biyu mai canjin kaya. A takarda an rubuta mai kyau, a bango an binne jabu. Shi ya fi kowa haɗari, don aikin wuta da na ruwa a cikin bango suke, ba ka ganin komai sai ranar da abin ya tona kansa.

Na uku shi ne "na iya". Ka kira shi gyaran fanka, ya ji kana zancen firji ya ce ai shi ma aikinsa ne. Tayil? Ya iya. Sola? Ai jiya ma ya haɗa wa wani. Irin wannan ne ke yin gyaran gangar Auzinawa, ka ba shi abu yana ɗingishi ya maido maka da shi a kwance.

Ba asarar kuɗi kaɗai ba ce

Da a ce abin ya tsaya kan kuɗi, da da sauƙi. Ɗauki aikin wuta. Waya tana da lamba, kuma kowace da nauyin da take iya ɗauka. Mai lamba 1.5 ta fitilu ce, mai 2.5 ta soket, na'urar sanyaya ɗaki da hita da kukar lantarki kuwa suna son wadda ta fi haka kauri. Idan mai wayarin ya ja siririya ya kai wa soket don ya rage kuɗi, ranar da aka jona dutsen guga da hita lokaci guda wayar za ta ɗau zafi, robar jikinta ta narke a cikin silin. Ga kuma wayar da ake yi wa rufin jan ƙarfe a sama kawai, cikinta wani ƙarfen ne daban. Wani ma idan fis ya ƙone sai ya naɗa masa waya mai kauri ya ce an gama, alhali aikin fis ke nan, ya ƙone shi kaɗai don gida ya tsira.

Haka batun janareta. Idan aka jona shi da wayarin gida ba tare da makunnin da ke raba shi da layin NEPA ba, wutarsa tana iya komawa kan layi ta kama ma'aikacin da ke kan falwaya, ko kuma a maido da wuta injin ya yi bindiga. Sannan duk wanda ya ce maka a ajiye janareta a cikin ɗaki ko a lungun da ba iska don gudun ɓarayi, to hayaƙin nan ba ya sallama, yana kashe mutane cikin barci.

A ɓangaren gini ma haka ne. Buhun siminti kilo 50 ne, amma wani mai buga bulo zai yi ta ƙara yashi don buhun ya haifi bulo mai yawa, har ka ɗauki ɗaya ya marmashe a hannunka. Kankare yana son a riƙa ba shi ruwa kamar mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai wa cikakken ƙarfinsa, amma saboda gaggawa sai a cire katakon da ke tallafe da shi tun bai yi ƙwari ba. Mutanen Kano ba su manta da benen da ake ginawa a titin Beirut ba, wanda ya rufto kan jama'a a watan Agusta na 2022. Haka a Jos, a watan Yuli na 2024, ginin wata makaranta ya rushe ana cikin karatu, mutum 22 suka rasu. Kowane gini da dalilin faɗuwarsa, amma darasin ɗaya ne: aikin hannu rai ne a cikinsa.

Da can ba haka abin yake ba

A ƙasar Hausa sana'a tana da gida kuma tana da shugaba. Akwai Sarkin Magina, akwai Sarkin Maƙera, kuma idan magini ya cuce ka ka san inda za ka kai ƙara. Yaro yakan tashi a hannun mahaifinsa ko ubangidansa, ya fara da kwaɓa ƙasa da miƙa tubali, ya yi shekaru kafin a bar shi ya ɗora azara. Sunan gidansu shi ne takardar shaidarsa. Irin wannan tarbiyya ce ta fitar da Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, ginin ƙasa da har yau masana gine-gine ke zuwa kallo.

Da garuruwa suka buɗe, siminti da kwano da lantarki suka shigo, sai sababbin sana'o'i suka zo ba tare da wancan tsari ba. Gwamnati ta yi yunƙurin cike gurbin. An kafa asusun horar da ma'aikata na ITF a 1971, da hukumar kula da ilmin fasaha ta NBTE a 1977, wadda hedikwatarta ke Kaduna. A 1982 aka soma tsarin karatu na 6-3-3-4, da nufin duk yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya fito da ɗan abin yi a hannunsa. Sai dai a makarantu da dama injinan da aka sayo daga waje sun tsufa a cikin akwatunansu, ba wuta, ba malamin da zai koyar.

Sai kuma ga acaɓa. Yaron da zai yi shekara uku ko huɗu a shagon kafinta yana karɓar kuɗin abinci kawai, ya ga sa'ansa ya hau babur yana kirga kuɗi kullum da yamma. Wa zai zauna? Ko da aka hana acaɓa a Kano a farkon 2013, da yawa A Daidaita Sahu suka koma, ba shagon oga ba. Waɗanda suka shiga koyon ma ba kowa ke jira a yaye shi ba. Ya yi wata shida, ya iya riƙe filaya, ya sayi tasta, ya buɗe nasa wurin. Shi ya sa a manyan gine-ginen Abuja da Legas, har ma da nan Kano, za ka ji mai gida yana alfaharin cewa masu tayil ɗinsa da masu silin daga Togo ko Kwatano aka ɗauko su.

Tsadar kaya ta zo ta ƙara dagula lissafi. Bayan cire tallafin man fetur da sakin Naira a 2023, farashi ya riƙa sauyawa kusan kowane mako, har buhun siminti ya haura N10,000 a farkon 2024. Mai gyaran da ya yi maka lissafi ranar Litinin ya je kasuwa ranar Alhamis ya tarar kuɗin ba za su isa ba. Mai tsoron Allah zai dawo ya faɗa maka. Wanda ba shi da shi sai ya sayo mai araha ya ja bakinsa ya yi shiru.

Idan ɓera da sata...

To amma fa daddawa ma da wari. Masu gyara su ma suna da nasu kukan, kuma akwai gaskiya a ciki. Mutum zai kira ƙwararre ya faɗi kuɗinsa, sai ya ce ya yi tsada, ya nemo yaron da zai karɓi rabi. An manta araha ba ta ado. Wani a gama masa aiki tsaf ya ce, "Ka dawo ƙarshen wata," wata ya ƙare ya shiga wasan ɓuya. Wani kuma shi da kansa zai ce a sa ƙaramar waya, a rage rodi, "ai ba komai." Ga raini. Yaro ya yini a kan kwano cikin rana, ko ruwan sha ba a miƙa masa ba. Wanda aka saba cinye wa haƙƙi, gobe shi ma zai fara cire nasa tun daga kuɗin kaya.

Sannan muna da halin bari sai ta ɓaci. Tun cikin rani an san kwanon nan yana yoyo, amma ba za a nemi kafinta ba sai hadari ya haɗo, lokacin da kowa ke nemansa. Iyayenmu kafin damina suke yaɓe, su gyara indararo, don sun san ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda za ka rage asara

Kada ka ɗauki mai gyara don kawai ka gan shi da jakar kayan aiki. Tambayi wanda ya taɓa yi wa aiki, kuma in da hali je ka ga aikin da idonka, musamman wanda ya kwana biyu. Aikin jiya kowa nasa yana ƙyalli, wanda damina biyu ta bi ta kansa shi ne shaida. Ka san shagonsa, ka san ogan da ya yaye shi, ka san ko yana cikin ƙungiyar masu sana'arsa, don ranar da aka samu saɓani ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa.

Akwai takardun shaida ma, ko da yake mutane ba su cika tambaya ba. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana ba da takardar gwajin sana'a mai mataki uku, hukumar NABTEB tana shirya jarrabawar makarantun fasaha, hukumar NEMSA kuma, wadda dokar 2015 ta kafa, ita ke tantance masu aikin wayarin. Takarda ba ta hana ha'inci, amma idan wayarin gida gaba ɗaya za a yi, ba laifi ba ne ka ce a nuna maka.

A raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a rubuta a takarda ko da ta littafin makaranta ce, da shaida ɗaya. In za ka iya, ku je kasuwa tare, ko Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, ka karɓi rasit. Kada ka biya duka tun farko, a kasa shi kashi-kashi, kason ƙarshe sai an gwada aiki a gabanka: a saki ruwa a bututu kafin a rufe shi da siminti, a kunna komai kafin a rufe silin. Kafintan rufi kuwa duba inda yake buga ƙusa. A kan tudun kwano ake bugawa, wanda ya buga a kwarin da ruwa ke bi ya riga ya haɗa ka da bokiti.

Idan kuma Allah ya haɗa ka da na kirki, riƙe shi hannu bibbiyu. Biya shi a kan lokaci, ka yi masa ihsani, ka faɗa wa wasu.

Saura ku, samari da 'yan fim

Wannan ƙarancin da ake kuka da shi kasuwa ce a buɗe ga duk matashin da ke zaune ba aikin yi. Dubi yadda sola ta shiga gidaje, kuma kowane faranti da batir sai an samu mai haɗawa. Je ka Panteka a Kaduna ka ga abin da hannu ke ƙerawa. A yau mai gyaran da aka shaida da gaskiya ba ya neman aiki, layi ake bi a same shi, kuma ba ya jiran albashin kowa.

Furodusoshi da marubuta labari su ma da nasu. Kullum jarumin fim ɗan Alhaji ne ko ma'aikacin banki, birkila da filamba kuwa sai dai a fito da su a yi dariya. Alhali ko a wurin ɗaukar fim, ranar da janareta ya ƙi tashi, darakta da jarumai duk zaman jiran bakanike suke yi. Me zai hana a yi mana fim ɗin da kafinta ne jarumi, ya riƙe amana, ya gina gidansa da guminsa, kuma shi yarinyar ta zaɓa? Yara suna kwaikwayon ɗinki da askin da suka gani a fim, ba mamaki su kwaikwayi wannan ma.

Ku kuma masu karatu, wanda ya taɓa gamuwa da ɗan "gobe", ko ya dace da mai gyara na Allah, ya rubuto mana yadda aka yi. Filin wasiƙu naku ne.