In An Sake Wa Tsohuwar Mota Inji, Kada A Manta Da Lagireto

Har yanzu akwai tsofaffin motocin ɗaukar kaya a hanyoyinmu waɗanda suka girmi direbobinsu, kamar Marsandi 911 wadda aka riƙa harhaɗawa a Inugu, da a-kori-kurar Fijo 504. Galibinsu injin da suka zo da shi ya daɗe da mutuwa, an ɗora musu wani na hannu wanda sau da yawa ya fi na asali ƙarfi. Sai dai mai mota yakan kashe kuɗinsa duka a kan inji, ya bar tsohon lagireto da tsohuwar fanka yadda suke.

Dalilin da ya sa wannan ke jawo asara a fili yake. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa zafi yake zama, wanda ruwa zai kwasa ya kai lagireto. Inji mai ƙarfi ya fi shan mai in yana jan kaya, saboda haka ya fi fid da zafi, alhali shi lagireto an auna shi ne daidai da tsohon injin, ga kuma tsatsa da ƙasar da suka toshe bututunsa. A cikin gari motar tana iya yin lafiya lau. Amma ranar da ta ɗauko buhunan masara ta doshi Hawan Kibo cikin zafin Afrilu, sai ruwa ya tafasa, gasket ya ƙone, wani lokaci kan injin ya lanƙwashe.

Maganin farko shi ne lagireto mai faɗin fuska. Faɗi ya fi kauri amfani, domin iskar da ta ratsa layin bututu na gaba ta riga ta ɗumama kafin ta isa na baya.

Batun fanka ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Sabon inji ba safai yake zama daidai inda tsohon ya zauna ba, sai fanka ta yi nisa da lagireto, kanikawa kuma su yar da rufin da ke kewaye da ita don ya ƙi shiga. To, in babu wannan rufi, fanka iskar gefe take ja maimakon ta jawo ta cikin lagireto. Alamar ita ce mota ta yi zafi a cunkoso ko a hawa, ta huce in ta sami gudu. Inda wuri ya yi kaɗan ana iya sa fanka mai aiki da lantarki, muddin an haɗa ta da rile da fis, kuma caja tana iya ɗaukar nauyinta.

Akwai kuma ɗabi'ar cire tamostat da sunan wai ƙasarmu ba ta da sanyi. Wannan kuskure ne, domin injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, ya yi saurin cinyewa. Murfin lagireto ma ba abin rainawa ba ne. Ruwa yana tafasa a digiri 100, a tudun Jos ma ƙasa da haka, amma murfi mai riƙe matsin ba ɗaya yana ɗaga wannan ma'auni zuwa wajen digiri 120. Direban da ya toshe bakin da tsumma ya yi asarar digiri ashirin ke nan tun bai bar tasha ba.