Yadda Yaƙin Turai Ya Taɓo Imuraren

Tun da Rasha ta auka wa Yukiren a Fabrairun 2022, sannan aka fasa bututun Nord Stream a ƙarƙashin tekun Baltik cikin Satumba, al'amarin makamashi ya dagule wa Turawa, domin kuwa a lokacin wajen kashi 40 bisa ɗari na iskar gas da suke shigowa da ita daga Rasha take fitowa. Ala tilas suka koma sayen ta jiragen ruwa daga Amurka da Katar, suka tsawwala farashi har matalautan ƙasashe irin su Pakistan suka kwana cikin duhu. Hankali kuma ya komo ga lantarkin nukiliya, laba ɗaya ta yuraniyom ta haura dala 100 a Janairun 2024.

Nan ne maganar ta iso Imuraren, kudu da Arlit a Nijar, inda aka gano ma'adinin tun 1966, aka ba kamfanin Areva izinin haƙar shi a 2009, aikin ya tsaya bayan masifar Fukushima ta karya kasuwa, aka sallami leburori. Da daraja ta dawo, hukumar Nijar, wadda haƙurinta ya ƙare, kuma lalle tana da hujja, ta karɓe izinin daga hannun Orano, wato sabon sunan Areva, a Yunin 2024.