Ganin Yadda Bayanai Ke Kwance a Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba wata matsala da muke yawan cin karo da ita wajen koyar da ilimin kwamfuta, wato ɗalibi ya iya rubuta shiri, amma bai san yadda na'ura ta ajiye abin da ya rubuta ba. Muna ganin manhajar gano kuskure, irin GDB wadda Richard Stallman ya fara a 1986, ita ce hanya mafi sauƙi ta nuna wa ɗalibi wannan al'amari ido da ido.

Sunan Gari

Mu ɗauki sunaye biyu, Roni da Ɓaɓura. A tsarin UTF-8, Roni bayit 4 ne, harshen C kuma yakan ƙara sifiri a ƙarshe, ya zama 5. Ɓaɓura kuwa haruffa 6 ne, amma kowane baƙi mai ƙugiya yana cin bayit 2, saboda haka ya zama 8, da sifirin ya zama 9. Wanda ya ware gurbi 7 bisa ƙidayar haruffa, sai dai sunan ya gutsure, ko ya kwarara cikin maƙwabcinsa ya ɓata shi. Python kuwa, tun daga 2012, yakan ba kowane harafi na Ɓaɓura bayit 2, jimla 12. Suna ɗaya, kwanciya daban-daban.

Ƙunshin Bayanai

Alal misali, a haɗa ƙunshi a C mai harafi ɗaya, da lamba mai bayit 4, da wani harafin. Hankali zai ce bayit 6 ne, amma a yawancin na'urorin yau 12 ne. Dalili shi ne ana ajiye lambar a adireshin da 4 ke rabawa, don haka ake barin giɓin bayit 3 gabanta, da wani 3 a ƙarshe. Umarnin ptype /o na GDB yana nuna kowane giɓi ƙarara. Rust yakan sake jera abubuwan da kansa, ƙunshin ya koma 8. Haka kuma Fortran na jera tebur ginshiƙi bayan ginshiƙi, C kuma layi bayan layi. Idan shirye-shirye biyu suka yi musayar tebur ba tare da lura ba, lissafi ya rikice ke nan.

Abin da ke bai wa manhaja ɗaya damar karanta harsuna da dama shi ne tsarin DWARF, wanda fitowarsa ta 5 ta kasance a 2017. A cikinsa ake rubuta girman kowane abu da gurbinsa.

Kammalawa

Shawararmu ga 'yan'uwa malamai ita ce, a sa ɗalibi ya fara zana hasashensa a takarda, sa'an nan ya buɗe manhajar ya gwada. Duk inda zanen ya saɓa wa na'ura, nan ne darasin yake. Gani ya kori ji.