Gidan Aro A Kan Barga: Zaman Iyalin Matuƙin Keken Doki A Ingila

A zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta mulki Ingila daga 1837 zuwa 1901, ba a cika ganin babban gandu a ƙauye ba tare da matuƙin keken doki ba. Shi ne shugaban barga, 'yan kiwon dawaki da yaran barga duk a ƙarƙashinsa suke. Tun da asuba yake duba abincin dawaki, ya sa a wanke keke, a goge linzami da sauran kayan fata. In maigida ya je biki da dare kuwa, sai ya zauna a waje cikin sanyi da ruwan sama har a tashi.

Bisa ga littafin kula da gida na uwargida Beeton, wanda ya fito a 1861, albashinsa fam 20 ne zuwa fam 35 a shekara, ban da kayan aiki da ake ɗinka masa. Daga 1869 kuma maigida yana biyan gwamnati sule 15 a shekara a kan kowane bara namiji. Saboda haka ajiye matuƙi alama ce ta arziki.

Akasarin barorin cikin gida ba su da aure, amma shi ana yarda ya ajiye iyali. Akan ba shi ɗakuna a saman barga, ko wani ɗan gida a gefenta. A nan matarsa take girki da reno, cikin warin taki da ƙarar kofato. Sau da yawa takan karɓi wanki ko ɗinki don ta cike gibin cefane. Yawan 'ya'ya kuwa cikas ne, domin waɗansu masu gandu, in suna cigiyar matuƙi a jarida, sukan ce mai aure suke so amma marar yara.

'Ya'yan ba sa daɗewa a gaban iyayensu. Dokar 1880 ta tilasta zuwa makaranta har shekara 10 kawai. Bayan haka namiji yakan shiga barga ya fara da share kashin doki, mace kuwa da ta kai shekara 12 ko 13 sai a tura ta aikatau wani gida.

To, babban abin fargaba shi ne gidan ba nasu ba ne, na aikin ne. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ran da matuƙi ya tsufa, ko doki ya harbe shi ya nakasa, ko ya saɓa da maigida, ran nan iyalinsa suka fara neman makwanci. In ya mutu, matarsa ba ta da wani haƙƙin zama, sai abin da tausayin maigida ya yanke. Mai rabo a ba ta ɗaki da ɗan abin masarufi, marar rabo kuwa ta ƙare a gidan gajiyayyu na hukuma.

A ƙarshe mota ce ta rufe babin. A 1896 aka sassauta dokar da ta takura wa motoci a hanyoyin ƙasar, sannu a hankali aka riƙa sayar da dawaki ana mai da ɗakin keke garejin mota. Waɗansu matuƙan suka koyi tuƙin mota, suka tsira da gidajensu. Waɗanda shekaru suka hana su koyo kuwa, tilas suka kwashe iyali suka bar wa direba ɗakunan.