Shun Burusel mai launin albasar Galmi: a gwada shi a fangali guda

Ƴan uwa manoman rani, ga bayanin wani baƙon shu da ake kira shun Burusel. Burusel babban birnin ƙasar Beljik ne, can Turai. Manoman kewayen birnin sun daɗe suna nomansa, shi ya sa ya ɗauki sunan.

Ɗan uwan shun da muka sani ne, amma ba ya yin kai guda babba. Kara yake yi, mai tsawon santimetir 60 zuwa metir 1. A gindin kowane ganye sai ɗan ƙaramin kai ya fito, kamar girman goro. Waɗannan kawuna ake ci. Akwai tsanwa, akwai kuma mai launin albasar Galmi, kamar irin da ake kira Rubine. Abin da ke ba shi launin nan shi ne ke rina zoɓo ja. In ɗari ya yi ƙarfi, launin ya ƙara turuwa.

Ina wahalar take?

Shukar ƙasar sanyi ce. Ta fi jin daɗi in ma'aunin zafi yana tsakanin 15 da 18. Daga shuka zuwa ɗiba tana cin wata 5 ko 6, kuma mai launin ya fi tsanwan nawa, ya fi shi ƙarancin ƴaƴa. Mu kuwa ɗarinmu gajere ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Maradi, cikin Janairu, dare yana da sanyi amma rana tana kai 30, a Afrilu har ta wuce 40. In zafi ya tarar da kawunan ba su ƙosa ba, sai su buɗe, su zama ganye mai ɗaci.

Saboda haka kada mutum ya saki reshe ya kama ganye. Ku bar shu da salati da albasa a wurinsu, su ne ke kawo kuɗi. Baƙon nan, a ba shi fangali guda, gindi 10 ko 15.

Renon iri

A yi shuka ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Wanda ya jira Nuwamba ya makara. A gyara ɗan wuri mai taushi, a zuba takin dabbobi da ya ruɓe sarai. A ja layi mai zurfin santimetir 1, a zuba iri ɗai-ɗai, a rufe. Yana tsirowa cikin kwana 5 zuwa 10. Tun da lokacin akwai sauran zafi, a kafa rumfar kara a bisa, a kuma lulluɓe da tsohon gidan sauro don kare ƙwari. A ba da ruwa safe da marece da bakin arozuwar mai ƙananan ramu.

Dashe

Bayan sati 4 zuwa 6, in tsiro ya yi ganye 5 ko 6, sai dashe. A yi shi da marece. A bar santimetir 60 tsakanin gindi da gindi. A danne ƙasa da kyau, don karan yana yin tsawo, iskar hunturu na iya kada shi. In ya girma a tara masa ƙasa a gindi, a kafa masa sanda. Kada a dasa inda aka yi shu bara, don cutarsu ɗaya ce. Kada ƙasa ta bushe. A shimfiɗa ciyawa a gindi ta riƙe laima. Kada a cika masa takin ure: ganye zai yi yawa, kawuna su ƙi tauri.

Ƙwari

Tsutsar shu da darɓa su ne abokan gabansa. Akwai tsutsar da ke cin zuciyar tsiro tun yana ƙarami. In ta ci, gindin ya lalace. A riƙa duba bayan ganye kullum. A daka ƙwayar ƴaƴan bedi rabin kilo, a jiƙa a ruwa litir 10 ya kwana, a tace, a fesa da marece, sau ɗaya a sati.

Ɗiba

Kawunan ƙasa ke fara ƙosawa. A ɗebe su da sun yi tauri, a bi kara zuwa sama. A cire ganyen da ya yi rawaya. Wajen tsakiyar Janairu, in kawunan ƙasa sun fito, a yanke kan karan: ƙarfin shukar zai koma ga ƴaƴa, su cika kafin zafin Maris. Kan da aka yanke da ɗanyen ganye ana cinsu a miya ko a kwaɗo.

Uwargida ta turara su kaɗan. In sun daɗe a tukunya launin ya zube. Ɗan lemun tsami yana tsare shi.

Kada ku jira iri daga gare shi. Sai ya sha sanyi mai tsanani yake fure, a shekara ta biyu, garkarmu kuwa ba ta da wannan sanyi. Sai a sayi sabo, a duba shekarar da ke rubuce a takardarsa.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku rubuta ranar shuka, ranar dashe, da yawan abin da kuka ɗiba, ku nuna ma malamin gona na garinku. Da lissafin nan za ku gane ko ya biya ruwan da ya sha. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah ya ba mu rani mai albarka.