Jar fitila a mahaɗar jirgin ƙasa na kan tebur

A Amurka da Jamus akwai magidanta, wasu har da furfura, da ke ware ɗaki guda a gida su shimfiɗa layin dogo na ƙananan jirage masu tafiya da lantarki, da tasha da gada da ɗan ƙauye a gefe. Girman da aka fi yayi shi ne HO, inda ake rage komai sau 87, tazarar ƙarafan layin kuwa milimita 16.5 ce kacal. Ba su yarda a ce wasan yara suke yi ba, kuma duk wanda ya leƙa ƙarƙashin teburinsu ya ga wayoyin mahaɗa, wato inda titin mota ke ƙetare layin dogo, zai ba su gaskiya.

Abin da suke kwaikwayo sananne ne. A mahaɗun Amurka jajayen fitilu biyu ke ƙyaftawa bi da bi, sau 35 zuwa 65 a minti, kuma doka ta ce su fara aƙalla daƙiƙa 20 kafin jirgi ya iso.

Sa fitila ƙyaftawa ba wani aiki ba ne, kowane mai gyaran rediyo zai iya. Ɗan guntun nan mai ƙafa takwas, 555, wanda kamfanin Signetics ya fitar a 1972, ya isa. Wasu kuma ƙaramar kwamfutar Arduino suke sawa. Fitilun kansu ƙwayayen LED ne, kowane ja yana son kimanin bolt 2, don haka idan wutar bolt 12 ce sai a sa masa resisto mai om 1,000. Abin lura ɗaya ne: wasu sandunan fitilar an haɗe ƙafafunsu na fositib a waya ɗaya, wasu na negetib. In aka saya ba a duba ba, sai a gama liƙi tsaf, fitila ta ce ba ta san zancen ba.

Rigimar daga layin take. A tsohon tsari, ƙara wuta a ƙarfe shi ne ƙara gudu, juya ta kuma shi ne juya jirgi. Tsarin DCC, wanda kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, ƙungiyar NMRA ta Amurka kuma ta mai da shi ma'auni a shekarun 1990, ya rushe wannan. Yanzu kullum akwai wuta a layi, wajen bolt 14 a HO, ko jirgi na tafiya ko yana tsaye, kuma tana juya fuska sau dubbai a daƙiƙa, domin a cikin juyin nan ake aika umarni. Kamar kiran suna ne a aji: kowane kan jirgi na ji, amma mai lambar da aka kira kaɗai ke amsawa. Mitar awon wuta ta gama-gari ma ba ta faɗin gaskiyar ƙarfinta.

Ganin wuta a kusa, sabon shiga yakan ja waya daga layi kai tsaye zuwa fitila. Ganganci ne. LED ba ta jure wutar da ta zo mata ta baya fiye da bolt 5 ko makamancin haka. Ana iya gyara wutar da diyod huɗu, amma a ganina wahalar banza ce: wutar jirage ake ragewa, kuma da zarar wani tarago ya goce ya haɗa ƙarafa, na'ura ta yanke layi, fitilun mahaɗa su ma sun mutu. Ƙaramar adafta mai bolt 12 ta kansu ta kashe maganar.

Sai babbar tambaya: ta yaya fitila za ta san jirgi na tafe? Hanya ta farko jika ce ga dabarar da William Robinson ya yi wa rajista a 1872 don jiragen gaske. Ana datse ƙarfe ɗaya a wuri biyu, a ciyar da wannan yanki ta waya mai ratsa na'urar da ke jin an ja wuta. Kan jirgi na shiga, ta ji. Amma taragu ba sa jan komai, don haka kai na fita fitila ta ɗauke alhali rabin jirgin na kan titin mota. Maganinsa a manna resisto mai om 10,000 a gatarin ƙafafun ƙarfe na taragun, ɗaya bayan ɗaya, aikin da sai mai haƙuri da tabarau.

Hanya ta biyu ido ce: ɗan ƙwan infrared da ake binnewa tsakanin katakan layi yana kallon sama. Ba ruwansa da DCC, kowane tarago yana gani. Shi kuma rauninsa giɓin da ke tsakanin tarago da tarago, inda yakan ɗauka jirgi ya wuce, shi ya sa ake ba shi jinkirin daƙiƙa biyu ko uku kafin ya saki. Da yake wutar DCC ba ta nuna inda jirgi ya dosa, akan jera ido huɗu: biyu na nesa masu kunnawa, biyu dab da titi masu kashewa bayan wucewar taragon ƙarshe.

Daƙiƙa 20 ɗin nan kuwa ba kowa ke iya cika ta ba. Jirgin HO mai kwaikwayon gudun kilomita 100 a sa'a yana cin santimita 32 a daƙiƙa, ke nan sai an kai idon nesa fiye da mita 6 daga mahaɗa. Ɗakuna nawa ke da wannan fili? Yawancinsu sukan sa shi a mita ɗaya ko biyu, su rage wa jirgin gudu idan ya doso gari.